Dukan da ido ba ya gani a jikin jirgin kamfozit

Wani ɗalibi mai karatun gyaran jiragen sama ya aiko da tambaya daga Mando: "Baba injiniya, an koya mana cewa jiragen zamani rabinsu ba ƙarfe ba ne, zare ne da danƙo, kuma idan abu ya buge su ɓarnar takan ɓuya a ciki, waje ya zauna sumul. To ta yaya hukuma ke barin irin wannan jirgi ya ɗauki mutane? Kuma da gaske ne akwai na'urorin da ake liƙa wa jirgi ya riƙa faɗin ciwonsa da kansa? Ina so in yi aikina na shekarar ƙarshe a kai, sai dai ban san ko zai yiwu a Kaduna ba."

Ɗana, abin da aka koya maka haka yake. Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinja a 2011, kusan rabin nauyinsa kamfozit ne, wato wannan haɗin zare da danƙo. Airbus A350 da ya biyo baya a 2015 ya kai kashi 53 cikin ɗari, har da gangar jiki da fukafukai. Ba sai ka je nesa ba ma: ƙananan jiragen Diamond da ake koyar da tuƙi da su a kwalejin Zariya jikinsu kamfozit ne, haka ma galibin jirage marasa matuƙi, dangin Tsaigumi da rundunar sojin sama ta ƙaddamar nan Kaduna a 2018. Duk wanda zai ci abinci da wannan sana'a nan gaba, da wannan kaya zai yi ta fama.

Ka fara riƙe yadda ake gina shi, don komai daga nan ya taso. Zaren kabon kaurinsa maikiron 5 zuwa 7 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Dubbai ake jerawa gefe da gefe, a jiƙa su da danƙon ifoksi, su zama shimfiɗa guda wadda kaurinta bai wuce kwatan milimita ba. Sai a ɗora shimfiɗa kan shimfiɗa, wannan zarenta ya miƙe, ta gaba a karkace digiri 45, wata a gicciye, har a tara yawan da ake so, sannan a gasa su cikin tanda mai matsin iska a zafin da ya kai digiri 180. Abin da zai fito, in ka ja shi ta tsawon zare, ya fi alminiyom ƙarfi nesa ba kusa ba idan aka duba nauyinsa, ba ya tsatsa, ba ya saurin gajiya. Amma tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa babu zare ko ɗaya da ya ratsa. Danƙo ne kaɗai ya riƙe su, shi kuwa danƙon gautsi gare shi.

Yanzu ka ɗauka makaniki yana aiki a saman fiffike, sufana mai kilo 1 ta suɓuce masa daga tsayin mita 1. Ƙarfin dukan kusan jul 10 ke nan, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin duka. Da alminiyom ne, wurin zai lotsa, lotsawar ta zauna, gobe kowa ya gani. Fatar kamfozit kuwa takan danna ciki ta dawo, amma a wannan ɗan ƙiftawar ido danƙon da ke ciki ya tsattsage, tsagar ta bi tsakanin shimfiɗu ta raba su. In ka yanka wurin da zarto ka duba bakin yankan da gilashin ƙara girma, za ka ga ɓarnar ta fara 'yar ƙarama a saman da aka buga, tana ƙara faɗi tana gangarawa, har shimfiɗar ƙarshe ta ciki wani lokaci ka tarar zarenta ya tsinke. A waje abin da ya rage ɗan gurbi ne da sau da yawa zurfinsa bai kai milimita 1 ba, shi ma yakan ƙara shafewa bayan kwanaki saboda danƙon yana komawa a hankali. A takardunku za ka ga ana rubuta shi BVID, wato ɓarnar dukan da da ƙyar ido ke gani.

Inda wannan ciwo ke cizo shi ne wajen matsi. Idan jirgi yana sama, fatar ƙasan fiffike ja ake yi, ta sama kuma matse ta ake yi. Allo mai kauri guda yana jure matsi. Idan a wuri ɗaya ya rabu ya zama siraran alluna uku ko huɗu, kowanne sai ya tanƙware shi kaɗai, rabuwar ta ƙara buɗewa, allon ya karye farat ɗaya. A ɗakin gwaji, dukan da da ƙyar ake ganin gurbinsa yana iya cinye rabin ƙarfin jure matsi na allon, wani lokaci ma fiye.

To yaya aka yarda da shi? Amsar ta samo asali tun zamanin ƙarfe, kuma da rayuka aka biya ta. Da farko dabarar ita ce a ƙidaya wa kowane sashe awanninsa, in sun cika a cire shi ko da lafiyarsa lau. Jiragen Comet na Ingila guda biyu da suka tarwatse a sama a 1954 sun nuna lissafin awanni kaɗai ba ya isa. Aka koma gina jirgi da hanya fiye da ɗaya ta ɗaukar nauyi, in wannan ta karye waccan ta riƙe. Wannan ma ta gamu da cikas, a nahiyarmu ma kuwa: a watan Mayun 1977 wani Boeing 707 na dakon kaya na kamfanin Dan-Air yana shirin sauka Lusaka, fiffiken wutsiyarsa na dama ya ɓalle, mutum 6 da ke ciki suka rasu. Tsaga ce ta daɗe tana ci a inda binciken da ake yi ba ya kama ta, kuma sashen da aka dogara zai riƙe bai riƙe ba. A 1978 FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ta sauya dokarta. Tun daga nan, mai ƙera jirgi dole ya ɗauka cewa aibin yana nan, ya nuna jirgin zai jure shi, ya kuma nuna yaushe da ta wace hanya za a gano shi kafin ya kai ga halaka.

A ƙarfe wannan lissafi yana tafiya daidai, domin tsaga tana girma sannu a hankali kuma an san saurinta, sai a tsara bincike ta yadda za a samu damar kama ta fiye da sau ɗaya kafin ta yi tsawon da zai karya sashen. Kamfozit ba ya ba da wannan dama. Ɓarnarsa takan kwanta shekaru ba ta motsa ba, in kuma wahala ta haye wani mataki ta yi gaba da gudu. Saboda haka masu ƙera manyan sassa suka zaɓi hana ta girma sam, ta hanyar rage wa allon wahala. Zaren kabon yana iya miƙewa kashi 1.5 cikin ɗari ko fiye kafin ya tsinke, amma masu zane sukan tsayar da shi wajen kashi 0.4. Sannan a bugi sassan gwaji da gangan, a bar su su sha laima, a ɗumama su, a yi ta lanƙwasa su gwargwadon rayuwar jirgi har da ƙari, bayan duk wannan a ɗora musu nauyi a ga sun riƙe. Ma'ana, kaurin da kake gani a fatar 787 an riga an sa kuɗin sufanar da za ta faɗi ba wanda ya gani a cikinsa. Wannan ce amsar rabin farko na tambayarka.

Akwai ma'auni biyu da za ka yi ta cin karo da su. Nauyin iyaka shi ne mafi girman nauyin da ake zaton jirgi zai gamu da shi a rayuwarsa, nauyin ƙoli kuma shi ne wancan a ninka shi da 1.5. Takardar jagora ta FAA mai lamba AC 20-107B, ta 2009, ta kasa ɓarnar kamfozit aji biyar bisa waɗannan ma'aunai. Aji na farko shi ne wanda muka gama magana a kai, ɓarnar da mai yiwuwa ba za a taɓa gano ta ba, don haka jirgi ya ɗauki nauyin ƙoli da ita a jikinsa har ya yi ritaya. Na biyu ita ce wadda binciken da aka tsara zai gano, na uku wadda duk mai zagaya jirgi zai gani cikin 'yan tashi kaɗan, kuma a waɗannan ana so jirgi ya riƙe nauyin iyaka ko kusa da shi har a gyara. Na huɗu ita ce wadda matuƙi ya san ta faru yana sama, kamar fashewar inji ko karo da babban tsuntsu, sai ya lallaɓa jirgin ya sauka.

Aji na biyar shi ne ke hana ni barci, kuma shi nake so ka fi riƙewa. Ita ce ɓarnar da ta wuce duk abin da mai zane ya lissafa, kuma mafi yawanta a ƙasa take faruwa. Motar tsani, motar abinci, motar bel ta lodin jakunkuna, duk suna da bamba ta roba mai faɗi. Idan irin wannan mota ta tunkuɗi jirgin alminiyom kusa da ƙofar kaya, ko a hankali ne, lotsawar za ta tona asiri. Idan jirgin kamfozit ne, robar tana baza ƙarfin a wuri mai faɗi, fatar ta shiga ta dawo ko fenti bai goge ba, alhali a ciki haƙarƙarin jirgin ko maƙalan da suka haɗa shi da fata sun tsage. Doka ba ta ce jirgi ya jure wannan ba. Abin da ta dogara da shi kawai shi ne wanda ya yi karon zai faɗa nan take. Ka duba waye wannan mutumin: yaro ne mai tuƙa motar kaya da tsakar dare, albashinsa bai taka kara ya karya ba, ya san in ya yi magana ana iya zaftare masa shi ko a sallame shi, ya shafa wurin da tafin hannu bai ji komai ba. Karon tsautsayi ne, babu mai gardama, amma ɓoye shi ba tsautsayi ba ne, kuma laifin ɓoyewar yana wuyan shugabannin da suka sa faɗin gaskiya ya fi yin shiru tsada. In Allah ya kai ka matsayin da za ka sa hannu jirgi ya tashi, ka san waɗannan yaran da sunayensu, ka nuna musu allon da aka buga aka yanka su gani da idonsu, kuma ranar da ɗayansu ya zo ya ce "oga, na taɓa jirgi", ka gode masa a gaban 'yan'uwansa kafin ka ɗauko na'ura.

Akwai wani nau'in gini da ya fi shafar yanayinmu. Allunan wutsiya, filaf (allunan bayan fiffike masu motsi), murafun ƙafafu da hancin jirgi galibi fata biyu ce siriri da saƙar zuma ta takarda mai danƙo a tsakani. Ba shi da nauyi ko kaɗan, amma fatar ba ta jure duka, kuma in ta huje ruwa yana shiga ramukan. Jirgi ya kwana cikin ruwan watan Agusta a filin jirgin Kaduna, da safe ya haura inda sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili, ruwan ya daskare ya kumbura ya fasa bangon ramin, ya sauko ya narke ya malala ramin gaba. Ga kuma iskar da ke kulle cikin ramukan: a can sama matsin iskar waje kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na ƙasa, sai ta ciki ta riƙa tura fatar waje a kowane tashi. A watan Maris na 2005 wani Airbus A310 na Air Transat ya tashi daga Baradero ta ƙasar Kuba, allon wutsiyar da ke karkata shi dama da hagu ya ɓalle a sama kusan gaba ɗaya. Allah ya kiyaye, ya juya ya sauka lafiya. Masu bincike na Kanada sun karkata ga cewa wata ɓarna ce tsakanin fata da saƙar da ta riga ta kasance ta yi ta girma ba a sani ba, kuma bayan haka aka tsananta binciken irin waɗannan alluna.

Zafi da laima tare su ne abokan gabar ifoksi. Yana shan ruwa daga iska, kashi 1 cikin ɗari na nauyin allon ko ɗan fiye, kuma in ya sha yakan fara laushi a zafin da bai kai na da ba. Shi ya sa kake ganin ƙananan jiragen kamfozit kusan duk farare ne, kada ranar watan Afrilu ta gasa su a kan kwalta. Tsawar damina ma tana da nata: kabon ba ya wuce da lantarki kamar alminiyom, don haka ake shimfiɗa ragar tagulla a ƙarƙashin fenti, kuma duk facin da aka yi sai an mayar da ragar.

Yaya ake nemo ɓarnar? Hanya mafi tsufa ita ce ƙwanƙwasawa, irin yadda uwarka ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa kafin ta biya, mai lafiya ta yi ƙara tas, mai tsaga ta amsa a dushe. Na taɓa duba wani murfi a gindin fiffike bayan shirwa ta yi karo da jirgi wajen sauka. Da aka goge jini da gashi, abin da ya rage 'yar tsaga ce a fenti kamar tsawon farce. Na ɗauki ƙaramar gudumar gwaji na fara daga nesa inda na san lafiya lau ne, ina matsowa a hankali, tas, tas, tas, sai ƙarar ta faɗa, ta koma kamar ana buga kwali. Na bi iyakar wurin ina ɗiga alama da alƙalami, da na haɗa ɗigon sai ga da'ira ta fi tafin hannuna. Sai dai ka sani wannan hanya a siririyar fata take aiki, kuma tana buƙatar wuri shiru da kunnen da ya saba. A allo mai kauri sai na'urar altirasonik, wadda ke aika sauti cikin allon ta saurari amsawarsa: in ya dawo daga bangon baya lafiya, in ya dawo da wuri akwai rabuwa, kuma lokacin dawowar yana faɗa maka zurfinta. Ruwan da ke cikin saƙar zuma kuma kyamarar zafi ce ke kama shi, don wurin da ke da ruwa ba ya ɗumama ko hucewa tare da maƙwabtansa.

Abu ɗaya ne har yau babu na'urar hanga, wato rumfar gyaran jirgi, da ke iya tabbatar da shi: ƙarfin manni. Fuska biyu suna iya haɗuwa ƙam, babu rata ko kaɗan, sauti ya wuce sumul, alhali danƙon bai kama ba saboda maiƙon hannu ko laima ko ƙura. Saboda haka hukumomi suka iyakance girman facin manni a manyan sassa: ko facin ya ɓalle gaba ɗaya, abin da ya rage dole ya riƙe nauyin iyaka. In ɓarnar ta fi haka, sai faci mai kusoshi, na titaniyom, don kabon yana cin alminiyom in sun haɗu da laima. A nan ne yanayin aikinmu ke shigowa. Shimfiɗun da aka riga aka jiƙa da danƙo a firiza suke zama, a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ana rubuta kowace awa da suka yi a waje. In wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba, ba kuma wanda ya rubuta, kayan sun tashi daga aiki ko da kyansu a ido. Yin manni a hanga buɗe ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari kuwa, kada ka yarda ko wa ya matsa maka.

Sai rabi na biyu na tambayarka. Eh, na'urorin suna nan, kuma suna aiki. Mafi shahara su ne 'yan fayafayan fizo, masu faɗin kusan santimita 1, da ake mannawa a bayan fata. In ka ba ɗaya lantarki sai ya girgiza, girgizar ta bi cikin allon, sauran su karɓa. Ana ajiye hoton saƙon ranar da allon yake lafiya, duk ranar da sabon saƙo ya saɓa da shi an san wani abu ya shiga tsakani, kuma da hanyoyi da yawa masu gicciye juna ana iya nuna wurin. Waɗannan fayafayan suna kuma iya zama shiru suna sauraro: in an bugi jirgi, wanda ya fi kusa shi zai fara ji, daga bambancin lokacin a lissafa inda dukan ya sauka da kimanin ƙarfinsa. A ganina wannan ne amfanin da ya fi kowanne daraja, don shi ne ke amsa matsalar motar tsani, da sharaɗin na'urar tana kunne lokacin da jirgi ke ajiye an kashe komai.

Na biyu zaren gilashi ne irin na intanet, mai kaurin maikiron 125, wanda ake yi wa 'yan zane-zane a cikinsa. Kowane zane yana mayar da launin haske guda, in zaren ya miƙe ko ya matsu launin ya gusa. Zare ɗaya yana ɗaukar ma'auna da yawa, ba shi da nauyi, lantarkin tsawa bai dame shi ba, ana ma iya binne shi tsakanin shimfiɗu. Rauninsa shi ne abin da ke kusa da shi kaɗai yake ji, kuma inda ya fito daga allon yana saurin karyewa. Na uku wata 'yar leda ce mai siraran hanyoyin iska da ake mannawa inda ake zaton tsaga, a zuƙe iskar wasu hanyoyin. In tsaga ta ratsa ƙarƙashi, iska ta kutsa, ma'auni ya nuna. Kamfanin Delta na Amurka ya fara gwada ta a jiragensa 737 tun 2014, kuma sai a 2022 FAA ta amince a yi amfani da ita a madadin wani bincike guda. Ka lura: shekara 8, a kan ƙarfe, a wurin da aka riga aka san inda tsagar za ta fito.

Me ya sa abin ke jan ƙafa haka? Hanyar bincike ba ta samun karɓuwa sai ta nuna za ta kama ɓarna mai girma kaza sau 90 cikin 100, da tabbacin kashi 95. Mai na'urar altirasonik yana yawo da ita ko'ina, ana kuma gwada ta a kan allon misali kowace safiya. Sensar da aka manna tana wuri ɗaya shekara 20 ko 30, tsakanin sanyin sama da zafin kwalta, mannin da ya riƙe ta yana tsufa, kuma duka a kamfozit ba ya zaɓen wuri. In ta yi ƙarar ƙarya an ajiye jirgi an yi asara a banza, sau biyu sau uku ma'aikata su daina yarda da ita. In ta yi shiru alhali akwai ɓarna, wannan ya fi muni. Sannan zafi kaɗai yana sauya saurin girgizar cikin allon, har saƙon allo mai lafiya da azahar ya saɓa da nasa na asuba fiye da yadda ƙaramar ɓarna za ta saɓar da shi. Jirage masu saukar ungulu sun daɗe da cin moriyar irin wannan sa ido, tun farkon shekarun 1990 a rijiyoyin man Tekun Arewa, amma su giyar inji da shaf, sandar da ke juyawa, suke saurare, abubuwan da ke juyawa suna maimaita sauti ɗaya. Fiffike ba haka yake ba.

Ra'ayina shi ne waɗannan na'urori za su fara samun gindin zama a lungunan da sai an kwance rabin jirgi kafin a kai gare su, da kuma jirage marasa matuƙi. Masu cewa a sa sensa a rage kaurin fata don jirgi ya yi sauƙi, lissafinsu na riba daidai ne, amma ni ba zan sa hannu a kan haka yanzu ba, domin kaurin nan yana aiki ko an ɗauke wuta ko waya ta tsinke.

Aikinka kuwa zai yiwu a Kaduna sarai, in ka rage buri. Kada ka nemi kabon, yana da tsada kuma baƙi ne, ba ka ganin cikinsa. Ka yi aiki da zaren gilashi saƙaƙƙe da ifoksi, domin in ka ɗaga allon da aka buga ka sa fitila a bayansa, rabuwar za ta fito fili ka zagaye ta da alƙalami ka auna faɗinta, ka samu gaskiyar da za ka gwada sensarka da ita ba tare da na'ura mai tsada ba. Hasumiyar sakin nauyi masu walda a Panteka za su haɗa maka: bututu a tsaye, nauyi mai kan ƙarfe zagayayye na milimita 16, da hanyar cafke shi in ya yi tsalle don kada ya sake bugu na biyu. Ƙa'idar gwajin duka mai lamba ASTM D7136 ta ce allo ya zama milimita 100 da 150, ƙarfin duka jul 6.7 ga kowane milimita na kauri, D7137 kuma ita ce ta gwajin matsi bayan duka, wanda ke buƙatar maƙalan gefe don kada allon ya lanƙwashe gaba ɗaya. Kowane matakin duka ka yi alluna aƙalla 5, ka kuma ajiye wasu ba a buga ba. Don gwajin girgiza ka yi allo dabam mai faɗin kamar rabin mita, saboda a ƙarami amsa-kuwwar gefuna za ta cakuɗe maka saƙon. Fayafayan fizo na cikin ƙararrawar lantarki sun isa farawa, osiloskop (na'urar da ke nuna hoton saƙon lantarki) da na'urar ba da sigina kuma ka nema a ɗakin gwajin makarantarku.

Inda za ka kawo abin da wani bai riga ka ba shi ne yanayi. Ka ɗauki saƙon allo mai lafiya da sanyin asubar hunturu, ka sake ɗauka da azahar bayan ya sha rana, ka sake a tsakiyar damina, kowane lokaci da ma'aunin zafi manne a jikin allon kana rubutawa. Sannan ka buge shi, ka tambayi kanka: wane girman ɓarna ne saƙonsa ya fi abin da zafi da laima kaɗai ke haifarwa? In ka amsa wannan da lambobin da ka auna da hannunka, aikinka ya yi. A rahoton ka faɗa ƙarara cewa sakamakon na zaren gilashi ne da aka shimfiɗa da hannu, ba a ɗora shi kai tsaye kan kabon na jirgi. Wajen yanka da gogewa ka sa takunkumi mai tace ƙura da tabarau da safar hannu, ka jiƙa bakin yankan da ruwa, kuma in wata rana ka samu kabon, ka nisanta ƙurarsa daga osiloskop da kwamfuta, don tana wuce da lantarki kuma tana ƙona na'ura.